Ragowar Kwaɓin Seidu Birkila

Cokalin gininsa Seidu ya koma ɗaukowa, ba wani abu ba. Sai da ya kai bakin babbar gotar Nima, kwatar da ta ratsa unguwar, ya laluba buhun kayan aikinsa ya ji wayam, ya ja tsaki ya juya. Rana ta yi ja. Masu sayar da kenke, dafaffen ƙullun masara, sun fara soya kifi, hayaƙin manja ya kwanta a kan rufin kwano, wani kuma a shagon tela ya ƙure garmaho kamar shi kaɗai ke da kunne a Maamobi.

Seidu shi ne babban birkila a aikin zauren al'adu da mutanen Zango suka tashi ginawa, 'yan shekaru bayan ƙasa ta samu 'yancin kai. Gini ne irin na zamani, zagayayye, bangonsa na bulo mai huda-huda don iska ta riƙa ratsawa. A ciki akwai dandamali inda makaɗan Dagomba da masu gogen Zabarmawa da 'yan wasan makaranta za su riƙa hawa. Osumanu ne ya zana shi, wani ɗan unguwar da ya yi karatun zanen gini a Kumasi. Seidu yana son ginin nan kamar ransa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. A ƙarƙashin dandamalin, Osumanu ya bar wani siririn rami da ya ratsa daga gabas zuwa yamma, baki biyu, tsayinsa bai wuce gwiwa ba.

Tun ranar da aka ja igiyar harsashi Seidu ya yi ƙorafi.

"Wannan kuma na mene ne? Ɓeraye zai shiga, akuya zai shiga, yara su mai da shi masai."

"Masta Seidu, bar shi yadda na zana," in ji Osumanu. "Tsofaffin Maamobi ne suka roƙe ni. Sun ce masu wurin, mutanen ɓoye, suna bi ta nan su gangara rafi da magariba, tun ba a kafa ko bukka ba. Me zai rage mu da shi?"

Seidu ya ce a ransa, za mu gani. Shi fa mutum ne da ba ya iya wuce bango mai giɓi bai ji hannunsa na ƙaiƙayi ba. Haƙorin kansa ma da ya fita, sai da ya je aka cike masa gurbin.

To, da ya shiga filin a wannan yammacin, leburori duk sun watse, Osumanu kuma ya tafi Kumasi. Ga cokalinsa can a kan tulin yashi. Kusa da shi kuwa ga kwano cike da kwaɓin siminti, sabo, yana sheƙi, malalatan sun bar shi sun tafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. A wajen birkila, a bar kwaɓi ya kwana ya daskare abin kunya ne, kuma Seidu tun yana koyon aiki ake dukan bayan hannunsa a kan haka. Ya duba hagu ya duba dama yana neman inda zai zuba shi. Idonsa ya sauka a kan ramin.

Ladan ya fara kiran magariba lokacin da ya durƙusa a bakin gabas. Ya jera bulo, ya cusa kwaɓi, ya shafe sumul. Ya zagaya bakin yamma. Yana ɗora bulon ƙarshe ya ji wani ɗan sauti daga ciki, siriri, kamar na jinjirin mage. Ya leƙa. Duhu ne kawai, da wani sanyi mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya yi "mus, mus," ba abin da ya fito. Ya ɗaga kafaɗa ya rufe, ya turo yashi ya kare wurin, ya wanke cokalinsa ya tafi masallaci da ransa fes.

Matarsa Mulikatu tana da tsohon ciki a lokacin. Sun daɗe suna nema, ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, wannan ne cikin da ya zauna. Seidu ya riga ya sayi rago ya ɗaure a bayan ɗaki, duk wanda ya shigo gidan hayar sai ya kai shi ya gani.

Ba a rufa mako ba naƙuda ta taso. Aka kira Mma Abibata ungozoma, tsohuwar da rabin yaran Maamobi a hannunta suka faɗo. Yini ya wuce, aka kwana, wani yinin ya kama hanya. Kan ɗa ya sauko, amma ya tsaya cik. Aka nemo motar da za ta kai ta asibiti, sai dai duk lokacin da aka kawo Mulikatu bakin ƙofa numfashinta sai ya ɗauke, sai an mai da ita ciki ya dawo. Direba ya gaji da jira ya tafi.

Mma Abibata ta sa matan gidan suka yi abin da aka saba. Aka kwance kitson Mulikatu, aka kwance duk wani ƙulli na bakin zane, aka buɗe tukwane da akwatuna, aka cire kwaɗo daga kowace ƙofa, har ragon sai da aka kwance. Shiru. Da la'asar sakaliya tsohuwar ta fito tana share hannu da zane, ta tsaya a kan Seidu da ke tsugune a tsakar gida.

"Matarka ya gaji paa," ta ce a hankali. "Duk abin da ke gidan nan mun buɗe. Saura kai. Me ka rufe?"

"Ni kuwa Mma, me zan rufe?"

"Kai birkila ne. Rufewa ne aikinka. Tuna."

Ya tuna. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya gaya mata cikin raɗa. Tsohuwar ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi.

"Ɗauki guduma. Ka yi sallama kafin ka taɓa. In an yi maka magana, kada ka yi gardama."

Ya fita da sauri. Ya ratsa lungunan da kafaɗa ke gogar bango, ya tsallake ruwan wanke-wanke, ya wuce masu wake da shinkafa suna kwashe tukwane. Mutane na gaishe shi ba ya amsawa. Kan ya isa filin, rana ta faɗa bayan gidajen Kotobabi.

Ginin na tsaye, an gama rufi, saura fenti da 'yan ƙarashe-ƙarashe. Ya kwashe yashin bakin yamma ya ɗaga guduma, sai ya tsaya cak. Filastar da ya shafe sumul duk ta sha yaƙushi. Layi-layi, zurfi-zurfi, tun daga ƙasa har sama, kamar wani ya kwana da kwanaki yana tonon siminti da farce.

Ya yi sallama. Ya buga. Gudumar ta dawo masa kamar ya bugi dutse. Ya sake bugawa har hannunsa ya tsage, ko ɓarɓashi bai faɗo ba.

Sai ya tuna katakon dandamali ba a gama kafe shi ba. Ta sama za a iya kaiwa ga ramin. Ya zagaya ya shiga zauren.

Ciki da sauran haske. Hasken yamma na shigowa ta hudojin bulo, ya zuba ɗigo-ɗigo a kan daɓe. Warin ɗanyen siminti, warin sabon katako. Daga nesa yana jiyo hon ɗin motocin haya da kukan wani yaro.

Ya hau dandamali ya ɗaga katako. Ya fasa siririn daɓen da ke ƙasa. Wannan karon ya fashe.

Wani wari ya taso. Ba na mushe ba. Kamar nonon da ya kwana a rufe, haɗe da toka.

Ladan ya ɗaga murya. Bai kai ƙarshen kabbarar farko ba sautin ya yanke, kamar an toshe wa Seidu kunne. Hon ya ɗauke. Kukan yaron ya ɗauke.

Sai ƙarar cokali. Shap. Shap. Irin ƙarar da cokalin gini ke yi in yana shafa kwaɓi.

Ya ɗaga kai. Ɗigon hasken da ke kan daɓe ya ga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hudojin bango ne ke toshewa, daga sama suna gangarowa, ba hannun kowa.

"Magini."

A bayan kunnensa aka faɗa. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, da wata tsohuwar Hausa da ba a yin irinta a Zango.

Bai juya ba. Wuyansa ya ƙi.

"Na zo in buɗe," ya ce. "Don Allah. Ban sani ba."

"An gaya maka."

Ya tuna gargaɗin Mma Abibata, ya haɗiye maganarsa.

"Ɗana ya yi gaba, ina biye da shi. Yaro ne, gudu yake so. Na tsaya ɗaura zane, na iso na tarar da bango."

Shap. Shap.

"Ina kiransa yana amsawa. Yana cewa in buɗe. Ina jinsa, yana jina, tsakaninmu bulonka. Simintin da aka shafa ana kiran salla ba ya fasuwa a hannunmu."

Wani abu mai sanyi ya wuce ta gefen ƙafarsa ya gangara cikin ramin. Ya ga hannuwa, dogaye, yatsun duk sun cinye har ƙashi. Suka ɗago wani ɗan ƙunshi da bai fi ƙullin goro ba. Ƙunshin bai motsa ba.

"Shekaranjiya ya daina amsawa."

Seidu ya fashe da kuka. "Ki ɗauke ni. Ki bar Mulikatu. Ita ba ta yi komai ba."

"Matarka uwa ce. Riƙe ta na yi don ka zo. Na sake ta."

Numfashi ya busa masa a ƙeya, mai ƙamshin rafi.

"Kai kuwa ba zan kashe ka ba. Abin da na ji za ka ji."

Saura haske ɗaya, na ƙofa. Shi ma ya ga yana tsukewa, gefe da gefe suna matsowa.

Ya watsar da guduma ya diro. Ya faɗi, ya tashi. Ƙofar da ake shiga da buhun siminti a ka ta koma kamar tsagar taga.

Ya cusa kai. Ya juya kafaɗa. Ɗanyen siminti ya kama ƙirjinsa, ya ji haƙarƙarinsa na ƙara.

Ya saki numfashi duka, ya murɗa.

Ya faɗo waje a kan yashi, rigarsa ta tsaya a ciki da fatar kafaɗarsa. A take duniya ta dawo, ladan yana ƙarasa kiran salla. Ya waiga. Ƙofa na nan da faɗinta, hudojin bango a buɗe, bakin ramin yamma kuma ya zube da kansa.

Da gudu ya koma gida. Tun daga bakin lungu ya jiyo guɗa. Mulikatu ta sauka lafiya, an samu mace. Matan gida suka yi ta yi masa barka, ba wadda ta kula da jinin bayansa. Farin ciki ya kusa kayar da shi. Yana jiyo kukan jaririya, amma can ƙasa-ƙasa, kamar daga ɗakin maƙwabta.

Mma Abibata ta fito da ita a naɗe ta ɗora masa a hannu don ya yi mata huɗuba. Ya ji nauyinta. Ya ji ɗuminta, ya ji tana motsi. Ya buɗe zanen.

Bai ga komai ba. Zane ne kawai da lotsawar inda kai ya kwanta. Kukan kuma, ko da yake a ƙirjinsa take, ta bayan bango yake zuwa masa.

An buɗe zauren al'adu da kiɗa da taro, ramin na nan a buɗe gabas da yamma yadda aka zana shi, ba wanda ya sake kusantarsa. Seidu bai je ba, bai kuma sake riƙe cokali ba. Dako ya koma yi a Kasuwar Malam Atta. Malamai sun yi rubutu, an yi sadaka, an kai shi har arewa wajen masu magani, abu bai canza ba. Yana ganin kowa sarai, ban da 'yarsa.

Yarinyar, Sahadatu, ta tashi lafiyayya mai surutu. Tun tana rarrafe ta gane sai ta kama babban yatsan ubanta yake sanin tana wurin. Da ta fara magana ta koyi ɗaga murya in da shi take, don ya ce mata daga nesa yake jinta. Mutanen gidan sun saba ganinsa da yamma zaune a dakali, tana kan cinyarsa, yana shafa fuskarta da tafin hannu a hankali, idonsa na kallon iska.

Wata rana Mulikatu ta yi mata kitson salla, ta sa mata sabuwar riga. Yarinyar ta ruga ta tsaya a gabansa tana juyi.

"Baba, ka gan ni? Na yi kyau?"

Seidu ya juya wajen da yake zaton muryar ta fito, ya yi wa bangon ɗaki murmushi.

"Kin yi kyau, uwata."

"Ba can nake ba, Baba," in ji Sahadatu. "Ga ni nan gabanka."