Ƙwai Biyu Kowace Safiya

Ranar da Auta ta fara ganinsa, durƙushe yake gaban mahaifinta yana danna masa idon sawu da babban yatsa. Da ya ɗaga yatsan, ramin ya tsaya a fatar bai koma ba.

Masanin abinci ne na asibitin. Ofishinsa ɗan ƙarami, sikeli a bakin ƙofa, zanen hanta a bango. Likita ne ya turo su wurinsa, bayan hoton ciki na biyu ya nuna kitsen da ke hantar Baba ƙaruwa ya yi.

"Baba, me ka ci jiya?"

"Shayi da burodi. Da rana farar shinkafa. Da yamma shayi."

"Shekaranjiya fa?"

"Yaro, in ka ji na jiya ka ji na wata takwas."

Auta ta yi masa bayani. Tun ranar da aka ambaci kitse, Mama ta kori nama da kifi da ƙwai da madara daga gidan, har wake bai tsira ba. Kafin nan ma, shekara biyu ke nan da haƙoran Baba suka zube, tauna ta gagare shi.

"Ni tela ce," in ji ta. "Duk wata sai na rage masa wuyan riga, na ƙara masa ƙugun wando. Mutumin da ko maiƙo ba ya lasa, daga ina kitse yake zuwa?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai, ita kuma ta sami kanta tana gyara gyalen da bai zame ba.

"Hanta kamar sito take," ya ce. "Shinkafa da sukarin da suka yi wa jiki yawa, kitse take mayar da su. Amma sai ta ƙera motocin da za su kwashe shi zuwa sauran jiki, kuma da furotin ake ƙera su, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake, da ƙananan tubalansa da muke kira amino asid. In babu su, kaya na shigowa, babu mota. Ba kowane kitsen hanta ne haka ba, na mutane da yawa ƙiba ce da zaƙi. Na Baba dai, gwajin jininsa ya nuna yunwa ce."

Ya rubuta: ƙwai biyu kowace safiya, madara, dafaffen kifi mai laushi, wake da aka markaɗa. A ƙasa ya sa lambar wayarsa, wai ko da tambaya.

Tambaya kuwa ba ta ƙare ba.

"Malam Mai Sikeli, ƙwan da gwaiduwa ko babu?"

"Da gwaiduwa, Telata. Rabin amfanin a nan yake."

"Yaushe na zama telarka?"

"Tun da kika auna ni da ido kika ce hannun rigata ya yi gajarta."

A gida kuwa takardar ba ta kwana ba. Mama ta karanta ta sau biyu, ta ninke, ta miƙa mata.

"Ƙwai ga mai ciwon hanta? Tun kakanninmu ba a yi ba. Yaron nan da ko gemu bai gama fito masa ba shi zai kashe mini miji?"

Yaya mai kanti yana zaune yana gyaɗa kai. Ɗan wan Mama ne, ya daɗe yana son Auta, kuma shi ke kawo wa Baba wani shayi na kwali da aka rubuta wa "mai wanke hanta". Ba mugu ba ne. Ya yarda da kwalin nan kamar yadda ya yarda da sunansa.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, in dai babban ya fuskanci inda abin yake.

Auta ta fara tafiya da Baba shagonta kowace safiya, wai ya sha iska. A bayan keken ɗinki take ɓare masa ƙwai, ta zuba masa madara a kofi. Ranar farko da hannu biyu ya riƙe kofin, bai sauke ba sai da ya ga gindinsa. Ta juya baya tana neman almakashin da ke hannunta, don kada ya ga idonta.

Mai Sikeli yakan biyo bayan ya tashi aiki, ya tambayi ƙafar Baba, ya kawo rigar da babu abin da ya same ta a gyara masa. Wata yamma ya ce, "Ina so in turo iyayena." Ta ce, "Bari Baba ya miƙe tukuna." Zaren da ke hannunta ya ƙi shiga allura har sau uku.

A mako na uku asiri ya tonu. Mama tana wanki ta ci karo da ɓawon ƙwai a naɗe cikin hankicin Baba. A makon ne kuma Yaya ya ce a ninka shayin kwali, sai ga Baba da amai da gudawa, kwana biyu a kwance. Ba wanda ya dubi kwalin. Kowa ƙwai ya duba.

"Kin zaɓi saurayi a kan ubanki," in ji Mama, ba tare da ta ɗaga murya ba. "In wani abu ya same shi, ke da yaron ƙwan nan, Allah ya isa."

Auta ta rubuta wa Mai Sikeli: "Na yarda da kai, ga Baba a kwance. Kada ka ƙara zuwa."

Amsa ta zo nan take: "Zan bar zuwa in haka kike so. Amma ki kai shi ga likita, ki tafi da duk abin da yake sha, har shayin. Ki ƙi ni, kada ki ƙi masa abincin."

Ba ta amsa ba, ba ta kai kwalin ba. Baba ya koma kan shayi da burodi, ƙafar da ta fara saɓewa ta sake kumbura. Wata guda wayarta shiru.

Ranar da ta zo auna Mama don ɗinka mata sabuwar riga, ta zagaya tef a damtsenta, ta duba littafin awo, ta sake zagayawa. Inci biyu sun tafi. Ƙugu kuma ya ƙaru. Ta sunkuya za ta auna tsawo, sai ta ga takalmin Mama ya yi mata shaida a fata. Ta sa yatsa ta danna. Ramin ya tsaya.

"Mama, me kika ci jiya?"

"Abin da ubanki ya ci mana. Shekara talatin da takwas kwanonmu ɗaya. Zan zauna ina cin nama yana kallona?"

Auta ta zauna a ƙasa da tef a wuyanta. Wata goma suna gida ɗaya, duk idonsu yana kan Baba.

Ta rubuta masa: "Mai Sikelina, na yi kuskure. Ƙafar Mama ma ta kumbura."

"Gobe da safe ki kawo su duka biyun, zan yi wa likita magana. Ki zo da kwalin. Ba ki yi kuskure ba, Telata, tsoro kika ji."

Mama ta ce ba inda za ta. Baba, wanda tun fara ciwon bai taɓa musa mata ba, ya ajiye kofinsa.

"Uwargida, wata goma ina jin yunwa. Na yi shiru ne don na ga da ƙauna kike hana ni. Ban san ke ma yunwar kike kwana da ita ba. Tashi mu je."

A asibiti likita ya duba zuciyar Mama da ƙodarta, lafiya lau. Ya karanta bayan kwalin, ya ce a daina. Sannan aka shafa mata man hoto a ciki, aka juyo mata da allon. Hantarta ta yi fari fat, irin ta mijinta.

Ta daɗe tana kallo. Mai Sikeli yana tsaye a gefe, kansa ƙasa.

"Ni da ban taɓa ciwon hanta ba," ta ce a hankali. "Ko cokalin mai bai shiga cikina ba." Ta juyo gare shi. "Ɗana, da hannuna na yi mana wannan?"

"Mama, da hannunki kuma za ki gyara. Hanta tana da yafiya in an ba ta kayan aiki."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Sake rubuto mini takardar nan. Da manyan baƙaƙe."

Yaya mai kanti ya yi fushi na mako biyu, sannan ya aiko da kiret ɗin ƙwai ba tare da saƙo ba.

Bayan wata biyar hoto ya nuna kitsen ya ja baya a hantocin biyu. Auta ta warware ɗinkin da ta yi ta ragewa a wuyan rigunan Baba. A cikin ɗaya daga cikinsu ya karɓi iyayen Mai Sikeli, kuma da ƙafarsa ya taka zuwa ɗaurin auren, cikin takalmin da ya shekara bai shige shi ba.

Da za a tafi da amarya, ya ɗora hannu a kanta, ɗayan a kafaɗar ango.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. In ɗayanku yana jin yunwa, ta ciki ko ta zuciya, ya buɗe baki ya faɗa."

Mama ta ce amin, ta riƙo hannun surukinta ta juya shi tana dubawa.

"Auta, mijin nan naki ya cika rama. Ƙwai biyu kowace safiya, kin ji ko? Da gwaiduwa."