Jiniyar da Ba a Kunna Ba

Da magariba abin ya fara. Dakta ta cika buta za ta yi alwala, ta karkata ta, ko ɗigo. Ta leƙa bokiti, ƙaf. Kofin da ke hannun Auta, 'yarta 'yar shekara tara, ya bushe tun kafin ya kai baki. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin Dakta shi ne kwaɓa garin sitaci da ruwan roba, ta ajiye a wani ɗaki mai kaurin bango, marar taga, ta kunna jiniya don kowa ya fita, sannan ta sakar masa haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Hasken ke ɗinke robar a jikin sitacin, ya zama gari mai shan ruwa ya riƙe wa shuka. Kwalba guda ta garin ta kawo gida saboda furanninta.

Kullum rana ta faɗi, haka. Leɓen Auta ya tsattsage, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Dakta da ba ta yarda da abin da ba a auna ba, ita da ƙafarta ta je ta ɗauko Malam. Tsoro ai ba ya duba digiri.

Malam ya daɗe yana karatu. Can Auta ta ɗago, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

"A ba ni ɗana."

"Wa ya taɓa ɗanki?" in ji Malam.

"Ita. Uwar yarinyar nan. A ɗakin aikinta muke zaune, ba mai shiga. In jiniya ta yi kuka, sai mu kwashe yara mu fita. Ran nan ba ta kunna ba, ko bisimilla ba ta yi ba. Ɗana yana barci cikin garin, aka ɗinke shi ciki."

Dakta ta tuna. Wallahi haka aka yi: ita kaɗai ce a ginin, ta ga ba wanda za ta gargaɗa.

"Ki fita daga jikin yarinyar nan, ba ta da laifi," in ji Malam.

"Ta kwance shi tukun."

"Baiwar Allah, ɗinkin haske ba ya kwantuwa," in ji Dakta. "Amma sitaci yana ruɓewa. In aka binne shi a ƙasa mai laima, ƙasa za ta cinye shi."

Sai tsakuwar ta tsaya.

"Na yarda, zan fita. Amma nawa ba ya iya kirana, taki ma ba za ta kira ki ba sai ya fito."

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa, ta sha ta ƙoshi.

Yanzu ta warke sarai. Tana tsokanar babanta, tana gaida maƙwabta. Amma ba ta ƙara kiran uwarta ba: in uwar ta yi magana, sai ta waiga kamar ta ji motsin labule.

Kullum magariba Dakta na durƙushe a gefen ɗaki tana zuba ruwa a ramin da ta binne garin kwalbar, da bisimilla. Abin da ke cin ranta, ba ta gaya wa aljanar duka ba: sitacin zai ruɓe, robar kuwa ba ta san ranar ruɓewarta ba.