Gilashin Da Ba A Huda Ba

Ruwan gishiri ne ya fara taɓa lallen ƙafarta, kafin idonta ya ga sauran ɓarnar.

Muhsina ta tsaya a ƙofar falon, mayafinta na zamewa, ba ta ko gyara ba. Kafet ɗin da danginta suka shimfiɗa jiya wajen jere ya jiƙe sharkaf. Katifar da aka jingine da bango ta sha ruwa har rabi. Can a kusurwa ga tankin gilashin nan mai tsawon gado, ruwansa ya gurɓace, kifaye biyu masu launin lemo sun juya ciki sama.

Saura kwana biyu ɗaurin aure.

"Yauwa, ga gwanar ta iso!" in ji Hajiya Naja'atu, mahaifiyar ango. "Shigo mana, 'yar mai gilashi. Shigo ki ga aikinki!"

"Haba Hajiya," in ji Gwaggo Safara'u, ƙanwar mahaifin Muhsina, wadda ta rako ta. "Yarinya tana cikin lalle kika sa aka fito da ita. A bi a hankali mana."

"A hankali? Gidan ɗana ya koma kududdufi, ki ce a hankali?"

Mata sun kai goma a falon, kowacce ta tattare zani. Muhsina ba ta ga ko ɗaya ba. Mutum ɗaya take nema, ta kuwa same shi jikin taga, ya naɗe ƙafar wando, guga a hannu, kansa a ƙasa.

Sirajuddeen.

Ga yadda zancen ya faro. Muhsina 'yar Malam Ilu ce, mai yankan gilashi a Gumel. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya koya wa 'yarsa sana'a, bai kuwa yi laifi ba. Ita ta fara haɗa ƙananan tankunan kifi a shagon, tana ƙara ilimi ta waya har ta gagari masu yi. A nan Sirajuddeen ya gan ta. Shi ɗan gidan masu manyan motoci ne a Maigatari, yana zuwa Kwatano ɗauko kaya. A wani otal can ya ga tankin ruwan teku, da kifaye masu launi, da murjani mai rai yana motsi kamar ciyawa a iska.

"Hasken idona," ya ce mata ranar da aka sa musu rana, "kin ce ba ki taɓa ganin teku ba. To, zan kawo miki shi har falonki."

Ta yi dariya har da rufe fuska.

"Yaya Siraj, teku a Gumel? Mu da rijiyarmu sai an ƙulla igiya biyu?"

"Ke dai tsara min, ni kuwa in biya."

Ta kwana uku tana zane a takarda. Irin wannan tanki biyu ne a haɗe: babba a sama, ƙarami a ɓoye cikin kabad a ƙasa, inda ake tace ruwa. Inji yana tura ruwa sama ba tsayawa, don haka dole a sami hanyar da zai riƙa komawa ƙasa.

"Hanya biyu ce," ta ce masa. "Ko a huda gilashin ta baya a sa bututu, ruwa ya riƙa gangarawa da kansa. Ko a rataya wani ɗan akwati a bayan tankin, mai lanƙwasasshen bututu da ke zuƙo ruwa ta saman baki."

"Na biyun ya fi sauƙi ke nan."

"Ya fi haɗari! Ka san yadda ake zuƙo fetur daga mota da tiyo? In iska ta shiga, shi ke nan, ya tsaya. A ɗauke wuta, iska ta shiga bututun, a dawo da ita ba kowa a gida... injin zai yi ta tura ruwa sama, ba hanyar sauka. Sai ƙasa."

"To, a huda."

"Ka yi min alkawari."

"Na yi, sahibata."

Alkawari a bakin wanda bai saba cewa a'a ba, kamar ruwa ne a kwando. Hajiya ta ji labari ta ce kul, ba wanda zai huda gilashi mai wannan tsada, balle a kai shi shagon surukan da ba ta so tun farko. Juwairiyya, 'yar ƙanwarta, wadda ta jima tana jiran a ce ita ce amaryar, ita ta lalubo mai sayar da akwatin ratayawa a waya, ta kai wa Hajiya hoto. Sirajuddeen ya rasa yadda zai yi, sai ya yi abin da ragwaye ke yi: ya ba kowacce amsar da take so. Ya ce wa Muhsina masu kawo tankin sun huda shi tun daga Kano. Ya ce wa uwarsa Muhsina ta duba akwatin, ta ce ya yi daidai.

Amarya ba ta taka gidan miji kafin a kai ta. Hoton tankin kawai yake turo mata, kullum ta gaba.

Ranar Alhamis kowa ya tafi kasuwar Maigatari, aka kulle gida. Aka ɗauke wuta da hantsi, aka dawo da ita da azahar.

Yanzu ga Muhsina tana taka ruwan, lallen ƙafarta na raɗaɗi, har ta isa tankin. Ta zura hannu ta baya. Ta shafa gilashi sumul, ba huda ko ɗaya. Sai yatsunta suka ci karo da ɗan akwatin roba, a rataye.

Ta juyo ta dubi Sirajuddeen.

"Yaya..." in ji ta. "Mene ne wannan?"

"Ji mu da ita!" Juwairiyya ta tafa hannu. "Abin da kika zaɓa da kanki kike tambaya? Yaya Siraj ya ce ke kika ce a sa."

"Ni?"

"Sirajo, ɗago kanka," in ji Hajiya. "Wa ya ce maka wannan abin ya yi? Ba ita ba ce?"

Duk ido ya koma kansa.

Muhsina ta zuba masa ido. Ba ta roƙe shi da baki ba. Kalma ɗaya kawai take jira, kuma ta riga ta yafe masa ƙaryar farko tun kafin ya nema.

Ya dubi uwarsa. Ya dubi gugan da ke hannunsa.

"Hajiya, a bar maganar... kuskure ne, kowa yana yi. Ni na yafe mata."

Ya yafe mata!

Muhsina ta kau da kai daga gare shi. Tana iya buɗe wayarta ta karanta musu saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ba. Kunyar tsiraita shi gaban mahaifiyarsa ta hana ta, kunyar da shi bai ji mata ba.

"Gwaggo, mu tafi," ta ce.

A gida ta faɗa wa mahaifinta komai, tana kuka har muryarta ta dishe. Malam Ilu ya saurare ta har ta gama.

"Uwata, kafet sayen shi ake yi."

"Baba, ba kafet nake yi wa kuka ba."

"Na sani. Mu ba shi lokaci. In ɗan halak ne, zai zo da ƙafarsa ya gyara."

Hajiya ta ɗage biki, wai sai gida ya bushe. Magana kuwa ba ta jira ba, ta kai Gagarawa, ta kai Ɗanzomo: 'yar mai gilashi ta cika baki, ta nutsar da gidan miji. Wani mai kanti da ya ba da aikin tanki ya aiko a fasa. Sirajuddeen yana turo saƙo safe da yamma, "Hasken idona, ki yi haƙuri, ina neman lokacin da ya dace." Ba ta amsa ko ɗaya ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai ta ɗauka shi ne.

Da aka yi mako biyu, Malam Ilu ya sa aka mayar da akwatunan lefe.

Rana ta goma sha tara, da safe, tana shago tana auna gilashin taga, ta ji tsayawar mota. Sirajuddeen ne, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaida Malam Ilu har ƙasa, sannan ya matso gaban teburinta.

"Muhsina... na faɗa wa Hajiya gaskiya."

Hannunta ya tsaya a kan ma'auni.

"Yaushe?"

"Jiya. Ta yi kuka, wallahi. Ta ce a mayar da lefe, a sa sabuwar rana."

"A gaban wa ka faɗa mata?"

Ya kau da ido. "Mu biyu ne... a ɗakinta."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko. Son da take masa yana nan, bai ragu da ƙwayar gero ba, kuma shi ya fi komai ciwo.

"Gaban mata goma aka kira ni 'yar mai gilashi, kana tsaye. Ka zo ka wanke ni a ƙuryar ɗaki."

"Zan tara su! Zan bi gida-gida! Tankin ma yana mota, ki huda shi da hannunki, ko sau goma ne..."

"Yaya Siraj, in na shiga gidanka, wata rana yaro zai yi ciwo, ko abinci ya ƙone, ko kaya su ɓata. Hajiya za ta ce wa ya yi. Ni kuwa zan waiga in dube ka." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Na riga na san abin da zan gani."

"Ki tausaya min, sahibata..."

"Na tausaya maka rannan. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya juya wajen Malam Ilu, idonsa cike da roƙo. Dattijon ya girgiza kai.

"Ɗana, ba ni aka zaga ba, ba kuma ni zan zauna da kai ba. Ta yi magana."

Matsoraci ba mugu ba ne, amma ɓarnar da yake yi ba ta gaza ta mugu ba, kuma wadda ta fi son shi ita ke kwasa.

Ya daɗe a tsaye kafin ya fita. Muhsina ba ta ɗago ba har ƙarar motar ta ɓace ta hanyar Maigatari. Sannan ta ɗora mayanki a kan gilashin ta ja. Shekara tara tana wannan aiki ba ta taɓa kuskure yanka ba. Ran nan layin ya karkace, gilashin ya tsage ta inda ba a so.

Malam Ilu ya taso, ya ɗauke fasasshen ya jingine a bango, ya ɗora mata wani sabo.

"In kin gama kukan, uwata, mai taga yana jira."