Ruwan Ranar Alhamis

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya, ga mu nan mun matso.

To, ranar da Shazali ya fara ganin Rawiya, kwance yake ƙarƙashin taraktar mahaifinta, bai ga komai nata ba sai ƙafafu da gefen tiren shayi. Baffanta Fahim ne ya ɗauko shi daga garejin bakin kasuwar garin Kus, ya zo ya duba ko da sauran abin mora a jikinta. Shekara shida ke nan tana tsaye gindin dabino a bayan gida, tun ranar da mahaifin Rawiya, Abdul-Maula, ya kashe ta ya tafi Libiya aikin gini na wata uku. Motarsu ta ƙone a hanyar sahara, aka rufe su can, har yau ba wanda ya san wurin.

Shazali ya fito da baƙin mai har goshi. Rawiya ta ɗora tiren a kan taya, ta kira shi yadda muke kiran masu sana'ar hannu, ta ce, "Usta, an ce kai ne mahaucin."

"Likita ne ni, 'yar Hajja. Sai majinyaci ya ƙi tashi nake zama mahauci."

Ba ta yi dariya ba, amma da ta juya ya ga kafaɗarta na motsi. Shi ke nan fa, yaro ya kamu.

Fahim so yake a farke taraktar a sayar gunduwa-gunduwa. Hajja Nabawiya, uwar Rawiya, ta ce sai bayan ranta. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan a ba wa Shazali zuwa lokacin saran rake: in ta tashi, ta zauna ta yi musu huɗa, in ta ƙi, Hajja ta haƙura.

Injin da ya cije ba a yi masa gaggawa. Kullum bayan la'asar Shazali yakan zo a babur, ya ɗura gas ta ramin nozul, inda mai ke shiga injin, ya bar shi ya kwana, washegari ya sa dogon ƙarfe ya ɗan jijjiga. Kullum kuma shayi na zuwa, wata rana da gurasa mai zafi da cuku. Ba a yi sati biyu ba saƙonni suka fara yawo.

"Farin watana, yau majinyacinki bai motsa ba, amma ni da na ji muryarki na motsa."

"Usta Baƙin-mai, ka wanke hannu kafin ka taɓa waya, har nan nake jin warin gas. Ka ci abinci kuwa?"

Da kawunsa ya je neman izinin auren Rawiya, Fahim ya ɗaure fuska, don ɗansa Atif ma ya daɗe yana zagaye, kuma a wajenmu ɗan baffa shi ke gaba. Hajja kuwa magana ɗaya ta yi ta bayan labule: Shazali ya tayar da taraktar mijinta tukuna, a sannan ta san wane ne shi.

Sati huɗu ƙarfe bai gusa ba, sai Shazali ya kwance kan injin. Abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa. Ruwa ne kwance a kan fistin, ja wur da tsatsa, ya cinye ƙarfen har ya yi rami. A ƙasarmu da sai a yi shekara biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba, daga ina ruwa?

Ran Alhamis ya zo da hantsi, ya sami amsa. Kun san Alhamis mata ke fita maƙabarta su yayyafa wa kaburburan mamatansu ruwa. Hajja ba ta da kabarin zuwa. Ga ta nan tsaye a kan kujera da bokiti, tana kwara wa taraktar ruwa daga sama, tana gaishe ta, tana ba ta labarin gida: wane ya haihu, wance ta rasu, Rawiya ta girma. Bakin salansa kuwa a buɗe yake yana kallon sama.

Ya tambaye ta a hankali ko marigayi ba ya kifa wani gwangwani a kai. Fuskarta ta washe, ta ce ai yana cikin akwatinta naɗe a ɗankwali, shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa a gidan.

Shazali ya koma gareji bai iya cin abinci ba. In ya faɗi gaskiya, ya wanke kansa, amma ya gaya wa tsohuwa cewa hannunta ne ya kashe abin da take raino shekara shida. In ya yi shiru, Rawiya ta kuɓuce masa. Kwana uku yana juya abin, a na huɗu ya je gaban Fahim ya ce ya gaza, aikin ya fi ƙarfinsa.

Atif bai ɓata lokaci ba. Kafin Juma'a duk mai shayi ya ji cewa da gangan bakanike ya lalata injin don kayan su faɗo garejinsu da araha. Hajja ta ce kada ya ƙara taka mata ƙofa. Sai saƙon Rawiya ya shigo:

"Ka ce mini likita ne kai. Inna kwana biyu ba ta ci komai ba. Faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, sannan ka goge lambata."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Abin da ya tura kawai shi ne, "Ki lallaɓa ta ta ci abinci, farin watana. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ranar da ya zo kwashe sifanoninsa, ya mayar da kan injin ya ɗaure. Har ya hau babur, hannun bakanike bai bar shi ba: ya sauko, ya tsinci gwangwanin tumatir ya kifa a bakin salansa. Hajja na zaune a inuwa tana kallo. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce don tsuntsaye.

"Ban da tsuntsaye me ke shiga?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana duban gwangwanin, sannan ta ce ya buɗe mata injin ta gani da idonta. Ya yi ta kawo uzuri, ta ce tana jira. Da ya buɗe, ta tsoma yatsa cikin jan ruwan ta ɗago.

"Nawa ne," in ji ta.

"Hajja, kowane inji ya yi shekara shida a tsaye..."

"Kada ka yi mini ƙarya sau biyu, ɗana."

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dai jingina goshinta da ƙarfen, Rawiya da ta fito da tsintsiya ta yar da ita ta riƙe ta, suka yi ta yi su biyu. Shazali ya juya baya yana goge sifanar da ba ta da datti.

Bayan la'asar Hajja ta aika aka kira Fahim da dattawan layi biyu, ta faɗi komai da bakinta, ba ta rage wa kanta ko kalma ba. Ta ce mutumin da ya yarda gari ya kira shi macuci don kada tsohuwa ta ji kunya, ba ta da abin ba shi da ya wuce 'yarta. Ta ce kuma a farke taraktar, amma hannunsa kaɗai zai taɓa ta. Fahim ya yi gyaran murya ya ce a karanta Fatiha.

Kafin magariba saƙo ya iso: "Ka yafe mini, likitana. Gobe akwai shayi, ka zo ko ba majinyaci."

Kwana tara ya yi yana kwance ta, kusa bayan kusa, bai sa mata wuta ko guduma ba. Bayan saran rake aka ɗaura aure, aka yanka maraƙi, masu algaita suka zo daga Kus. Hajja ta dafa kawunansu ta ce Allah ya haɗa su a kan alheri, kada ɗayansu ya yi tafiyar da ɗaya bai san makwancinsa ba.

Giyar taraktar tana aiki a wata gona a hayin kogi, tayoyinta suna jan amalanken rake. Atif ya auri 'yar ƙanwar uwarsa ya tafi Kuwait. Hajja ta yi shekara uku a gidan surukinta, ta ga jika ɗaya, aka sa masa Abdul-Maula, sannan ta rasu. Shazali da Rawiya suna nan a Kus, garejin ya zama nasa, 'ya'yansu huɗu.