Garin Katako a Littafin Tsigi

"Tsigi! Wallahi idan na fito na tarar ba ki sa takalmi ba, ni da ke ne!"

Maman Tsigi ce ke wannan ƙaraji daga uwar ɗaka, tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi karo na uku. Yau ne taron iyaye da malamai a makarantar 'yarsu, ita kuwa tun shekaranjiya ta goge kayan da za ta sa.

Tsigi, 'yar shekara takwas, tana tsakar gida a tsugune gaban ubanta. Kafinta ne. Ya jera guntayen katako a kan benci, fensirinsa mai faɗi na saƙale a bayan kunne.

"Wannan da wannan idan an haɗa fa?"

"Rabi da kwata... kwata uku, Abba!"

"Ka ji 'yar kafinta! Ba ni biyar!"

Uwar ta fito tana ƙamshi. "Haba Abban Tsigi, za ka ɓata mata yunifom da garin katako tun da safe."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Irin wannan kwalliya, ranki ya daɗe, ai sai a sace mini ke. Ko in biyo ku ne? Na ga takardar ta ce iyaye."

Ta yi caraf ta ce, "A'a! Taron mata ne galibi, surutu kawai za a sha. Je ka aikinka."

"To, shi ke nan," ya ce, ya shiga tattara kayan aikinsa.

Ba taron mata ba ne, ƙarya ta yi, kuma ba yau ta fara ba. Auren soyayya suka yi, ita da kafintan nan, a kan idon danginta da ba su so ba. Shekara goma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Matsalar ta faro ne ranar da Yaya, yayarta da ke auren manaja, ta samar wa Tsigi gurbi a makarantar da nata 'ya'yan suke. Ana cike fom aka zo layin sana'ar uba, sai Yaya ta fizge biron.

"Kafinta za ki rubuta? A nan? Ke, kada ki kunyata ni, duk ƙawayena nan 'ya'yansu suke!"

Ta rubuta: injiniya, yana ƙasar waje. Maman Tsigi ta yi 'yar dariya ta ƙyale. Ita kuwa ƙarya ba ta zama ita kaɗai, sai ta haihu. Da shugabar makaranta ta tambayi wane ne mai kawo yarinyar a babur, sai Maman Tsigi ta ce maƙwabci ne yake taimaka musu. Daga nan ta ja Tsigi gefe ta ce ta riƙa sauka a kwanar titi kafin ƙofar makaranta, in kuma an gan su tare ta kira shi Kawu. Uwa ce fa ta koya wa 'yarta haka! Ni dai da na ji, sai da na riƙe baki.

A motar Yaya suka tafi. Ajin ya cika da iyaye, kowa ya matsu a 'yan kujerun yara. Malamar lissafi, wata siririya mai tabarau, ta miƙe da littafi a hannu.

"A zangon nan Tsigi ce ta ɗaya a lissafi. Kuma tana da wata dabara ta rarraba abu kashi-kashi wadda ni kaina ban iya koyar da ita haka ba. Taso, Tsigi, ɗauko katakonki ki nuna wa iyaye."

Aka tafa. Yaya ta juya tana ce wa na bayanta, "'Yar ƙanwata ce, kan ubanta ta ɗauko, injiniya ne." Tsigi ta zazzage jaka, ta sake zazzagewa. Babu katako. A kan benci ta baro su garin sauri.

Ana cikin haka aka yi sallama a bakin ƙofa.

Abban Tsigi ne, cikin rigar aiki, gumi na bin wuyansa, garin katako har a girarsa. Leda ce a hannunsa.

"Ku gafarce ni. Yarinyar nan ce ta manta kayanta, na san za ta neme su."

Shugabar makaranta ta gane shi. "Af, maƙwabcin nan ne mai kawo ta! Allah ya saka maka da alheri, malam, ka riƙe amanar ubanta da ba ya nan. Ashe ma kafinta ne kai? Muna da benci biyu da suka karye a baya, ka duba mana kafin ka wuce."

Maman Tsigi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsigi ta taka a hankali ta karɓi ledar, kanta a sunkuye.

"Na gode... Kawu."

Mutumin nan ya dubi 'yarsa. Ya ɗago ya dubi matarsa, ita kuwa ta kafe idonta a kan jakarta. "Ba komai," ya ce, ya juya zai fita.

"Dakata, malam," in ji malamar lissafi. Idonta na kan fensirin da ke kunnensa. Ta ɗaga littafin aikin gida na Tsigi ta kaɗa shi, sai ga garin katako na zuba a kan tebur. "Wata huɗu ina tambayar kaina. Uwa tana sa hannu da biro a ƙasan shafi, amma duk gyaran da ke ciki da wani fensir ne mai kauri. Ko rana ɗaya mai fensirin nan bai tsallake ba. Tsigi, wa yake zama da ke kullum?"

Yarinyar ta waiwaya wajen uwarta, hawaye sun cika mata ido.

"Mama, in faɗa?"

Yaya ta mintsini cinyar ƙanwarta. "Ke, zauna! Kada ki soma!"

Amma Maman Tsigi ta riga ta miƙe. Tunda take ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba: 'yar cikinta na neman izini kafin ta ambaci ubanta.

"Ba maƙwabci ba ne," ta ce. "Mijina ne. Uban Tsigi ne. Ba shi da wata ƙasar waje, shagonsa na nan bayan kasuwa. Ni na yi ƙarya, ni na sa yarinyar nan ta yi. Ni sa hannu kawai nake yi ina sauri, ko karantawa ba na yi. Shi ne..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Yaya ta ja tsaki, ta suri makullin motarta ta fice. Shugaba ta rasa inda za ta sa fuskarta. Shi kuwa kafinta cewa ya yi, "Malama, yarinya tana da darasin da za ta nuna, a bar ta ta nuna." Ya tsaya a bakin ƙofa har Tsigi ta jera katakonta ta gama, aka tafa, sannan ya hau babur ɗinsa ya tafi shi kaɗai.

Da la'asar ta same shi a shago yana goge wata ƙofa. Ta daɗe a tsaye bai ɗago ba. Ta durƙusa a cikin garin katakon nan da take ƙyama, da kwalliyarta da komai.

"Abban Tsigi, ka yafe mini. Ko gida ka ce in tafi, wallahi ban isa in ce ka zalunce ni ba."

Ya ajiye abin gugar. "Kina tsammani ban sani ba? Tun ranar da Tsigi ta ce in sauke ta a kwana na gane. Na ce a raina, in dai za ta yi karatu, ko a bayan gari ne sai in sauke ta."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ina jira ne ki faɗa da bakinki. Na san matar da na aura, wadda ta juya wa dangi baya saboda ni, tana nan ba ta mutu ba." Idonsa ya yi ja. "Amma Kawun nan ya ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Ni a raina ni ba komai, na saba da ƙura. Yarinyar nake ji. Da yamma ina koya mata cewa rabi da rabi ɗaya ne, babu ragi babu ƙari. Da safe ke kina koya mata ta ce ubanta ba ubanta ba ne. Wane karatu za ta riƙe?"

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya zaro fensirin daga kunnensa ya sa mata a tafin hannu.

"Tashi, kina ɓata mini kwalliyata. Gobe ki je ki gyara abin da kika ɓata."

Washegari su uku suka hau babur ɗin, Tsigi a tsakiya. Da suka iso kwana yarinyar ta soma zamewa za ta sauka, uwar ta riƙe ta. "Zauna. Har ƙofa."

A ofishin shugaba ta nemi fom ɗin nan. Ta ja layi a kan injiniya, ta rubuta kafinta da fensirin mijinta, da manyan baƙaƙe. Malamar lissafi kuma ta roƙe shi ya riƙa zuwa duk ranar Laraba da guntayen katakonsa, ya ce zai zo, amma cikin rigar aikinsa zai shigo. Yaya ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayar ƙanwarta, daga baya ita da kanta ta turo nata yaran zuwa shagon su koyi lissafi.

Jama'a, ba mota ko babbar riga ce ke raka yaro makaranta ba, wanda ya zauna ya buɗe littafin tare da shi ne. Kuma duk wadda ta ji kunyar halal ɗin mijinta, wata rana kunyar da ta fi ta za ta same ta a gaban mutane.

A bakin ƙofa ranar nan, Tsigi ta yi taku uku ta tsaya. Wannan karon ba ta dubi uwarta ba. Ta buɗe murya yadda mai gadi da duk masu motoci sai da suka waiwayo.

"Sai an tashi, Abba!"