Ƙararrawar Taron Reshe

Da safiyar ranar zaɓen shugabanni aka kira Sufeto: an sace ƙararrawar jam'iyyar ma'aikata daga ofishin reshe. Reshen nan kuwa bai taɓa faɗuwa zaɓe a yankinsa ba, ko uwar jam'iyya sai ta ji ta bakinsa. Dokarsu ce, ba a buɗe taro sai an kaɗa ƙararrawar da magabata suka tara ma'aikatan masaƙa da ita. In rana ta faɗi ba a kaɗa ba, Mataimaki ne zai riƙe kujera har baɗi.

Wakilai na ta kai-komo a zaure. Shugaba, dattijon da ya tsufa a kujerar, ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Sufeto ya duba akwatin gilashin da ake ajiye ƙararrawar. Ba a fasa kwaɗo ba. Jan ƙyallen da ake lulluɓe ƙararrawar da shi yana gefe a ninke tsaf, tambarin jam'iyya na kallon sama.

Mataimaki ya rantse ba shi da makulli, sai ga shi a aljihunsa. Sufeto ya warware ƙyallen ya ce masa ya ninke, bawan Allah ya dunƙule shi kamar tsumman goge tebur.

Shugaba ya ce nasa makullin a ɗakin matarsa yake kwana. Ita ce shugabar mata tun kafa reshe, kowa Uwa yake ce mata. Ta ce rabonta da ofis tun makon jiya.

Sufeto ya saki ƙyallen ƙasa kamar bai sani ba. Uwa tana cikin magana ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe, ta ninke, tambari a sama.

"Uwa, ɓarawo ba ya ninke kaya."

Ta dubi hannuwanta.

"Tana ƙarƙashin keken ɗinkina, ɗana. Likita ya ce zuciyar maigidana ba za ta ɗauki wani zango ba. Mutanen nan kuwa ko gawarsa aka jingine sai sun zaɓe ta."

Aka ɗauko ƙararrawa aka ba Shugaba, aka nufi motar 'yan sanda da Uwa. Zaure ya ɗauki kiran sunan Shugaba. Ya tsaya bakin ƙofa yana juya ƙararrawar a hannu, sannan ya miƙa wa Mataimaki, ya bi su mota.

"Sufeto, matsa min. Ba ta saba shiga mota ita kaɗai ba."