Gammon Rabo a Ƙofar Sito

A zamanin da Rabo yake riƙe da sarautar 'yan dako a kasuwar Yankara, cikin kakar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har masara ta shigo gari da danshinta, aka yi rigimar da zan ba ku labari. Rabo jikana ne, ɗan ɗiyata Barakatu. Ina sonsa, amma ba zan rufa masa ba, yana da saurin ɗaukar alkawari.

Alhaji Badamasi, babban mai sayen hatsi, ya tara masara mota-mota, duk jiƙaƙƙiya. Sai an zazzage ta a tamfol, a wuni ana juyawa, a sake ɗurawa. Irin wannan aiki ba ya lissafuwa da buhu, don haka aka yi ciniki da awa, a biya kowa ranar kasuwa. Rabo ya tsaya gaban mutanensa ya ce, "Kuɗinku a wuyana."

Kasuwa ta ci, ba a biya ba. Wata ta zagayo, Alhaji ya ce a bari masara ta yi daraja. Gidajen 'yan dako suka rikice. Mata na yi wa Rabo aike, masu shagon da ke bin su bashi na tare shi a hanya, shi kuma ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shigo ɗakina yana kai da kawowa.

Na ce, "Maigidan, zauna mana. Ko tabarmar ma tana bin ka bashi?"

"Kaka, bar wasa. In ban amso masu ba, tuɓe ni za su yi."

"To mi kake jira? Ina gammonka?"

'Yan dakon Yankara suna da wata al'ada tun kakanni. In an riƙe musu haƙƙi, sarkinsu zai ajiye gammonsa a bakin ƙofar mai dukiya, kuma muddin yana nan, babu ɗan dakon da zai taɓa buhun mutumin. Rabo ya je ya ajiye nasa a ƙofar siton Alhaji. Motoci suka yi layi ba mai lodi, direbobi na zage-zage, masarar da ta rage ta fara ɗumi a buhu.

A nan cin amana ta fito. Harisu, madakin Rabo, wato mataimakinsa, wanda ya daɗe yana hangen sarautar, ya tafi Sabuwa da kuɗin Alhaji ya ɗebo ƙarti. Da suka sauka, babbansu ya dubi ƙofa.

"Gammon wa ne wanga?"

Harisu ya ce, "Tsumma ne, ku tsallake."

"Kai fara, mu gani."

Harisu ya tsallake. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Mu ma da wuyanmu muke ci," suka koma mota.

Duk da haka Alhaji bai biya ba, sai Rabo ya kai ƙara gaban alƙali. Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ban hana ba, kuma ba mu rubuta komai ba."

Alƙali ya ce, "Sun yi aikin?"

"Sun yi."

"Kana da abin biya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce wanda aka ɗauka aikin awa, in ranar da aka yanke ta cika haƙƙinsa ya wajaba, da takarda ko babu, tunda ga shaidu. Ribar mai dukiya ba ta shafi lebura ba, kuma jinkirin mawadaci zalunci ne. Aka biya kowa kafin a tashi.

Ga yadda aka ƙare, kamar yadda duk Yankara ta sani. Masu hatsi suka haɗa baki, suka ce ba za su ƙara ba da aiki ta hannun sarkin da ya san hanyar kotu ba. Kafin wata kaka, mutanen nan da suka amshi kuɗinsu su ne suka tuɓe Rabo suka naɗa Harisu. Yanzu jikana yana Kankara yana dako kamar kowa.

Ban zage su ba, na san yunwar gobe ta fi godiyar jiya ƙarfi. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so, ko mai kunya ko marar ita. Amma yau a Yankara ana biyan lebura ranar da aka ce, kuma Harisu, duk da rawaninsa, ya san ba shi ya jawo hakan ba.